Fiksal: Abin da Ɗigon Talla Yake Ƙirgawa da Abin da Yake Kuɓuce Masa

Fiksal ɗin bibiya ɗan hoto ne da ake sakawa a cikin shafin intanet ko saƙon imel. Faɗinsa ɗigo ɗaya, tsawonsa ɗigo ɗaya, ba shi da launi, nauyinsa kuma bai kai bayit 50 ba. Ido ba ya ganinsa, kuma dama ba don a gani aka yi shi ba. Amfaninsa duka yana cikin yadda ake ɗauko shi. Shafin intanet ba a dunƙule yake zuwa cikin waya ba: rubutu daga nan, hotuna daga can, kowanne sai burauza ta aika ta nemo shi daga kwamfutar da ke ajiye da shi. Idan mai shafi ya saka hoton da ke ajiye a kwamfutar wani kamfani daban, duk wanda ya buɗe shafin sai wayarsa ta tura wa wancan kamfani saƙo a ba ta hoton. A cikin saƙon akwai lambar IP ta mai wayar, da irin wayar, da irin burauzar, da adireshin shafin da yake kai, da lokacin da ya buɗe. Kamfanin ya miƙo ɗigon, ya rubuta sauran a kundinsa.

Ɗigon shi kaɗai ba ya shaida mutum. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne kuki, wato ɗan rubutun da shafi ke ajiyewa a cikin burauza don ya gane ta idan ta dawo. Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, shi ya ƙirƙiro shi a 1994, da nufin shagon intanet ya riƙa tuna abin da mai saye ya zuba a kwandonsa. Ba a jima ba kamfanonin talla suka lura cewa idan hotonsu yana cikin shafuka dubu, to kukinsu ma yana aiki a shafuka dubu, kuma za su iya jera sawun burauza ɗaya daga wannan shafi zuwa wancan. A kan haka DoubleClick ya gina kasuwancinsa tun tsakiyar shekarun 1990. A 1999 wani mai binciken tsaron kwamfuta a Amurka, Richard M. Smith, ya fito da batun waɗannan ɓoyayyun hotuna fili, jaridu suka ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma kasuwa ba ta fasa ba. Google ya sayi kamfanin Urchin a 2005, ya mayar da manhajarsa Google Analytics, ya sake ta kyauta a Nuwamban shekarar. A 2007 kuma ya sanar da sayen DoubleClick a kan dala biliyan 3.1. Facebook ya haɗe kayan bibiyarsa guda biyu a 2015 suka zama fiksal ɗaya, wanda yanzu ake kira Meta Pixel, da sunan Meta, kamfanin da ke da Facebook. TikTok da Snapchat da LinkedIn kowa yana da nasa.

Abin da ake kira fiksal a yau ya wuce hoto. Yawanci 'yan layukan umarni ne na JavaScript da ake liƙawa a kan shafi, su kuma su jawo wata manhaja daga kamfanin talla, ita ce za ta zauna tana lura da abin da baƙo yake taɓawa, tana aika rahoto. Hoton nan mai ɗigo ɗaya ya koma ɗan ajiya, sai burauzar da ba ta gudanar da JavaScript ake tura mata shi.

Abin da ɗan kasuwa yake nema a ciki

A ɗauki dillalin kayan noma a Kaduna, mai sayar da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, wanda yake son cinikin manoman masara na Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa. Ya buɗe shafi, ya saka kaya da farashi, ya biya Facebook kuɗi a nuna tallansa. Da zarar manomi ya danna tallan, sai a liƙa wata doguwar lamba mai suna fbclid a ƙarshen adireshin shafin, alamar cewa daga wannan talla ya fito. Fiksal ya karanta lambar, ya ajiye kukinsa a burauzar, wanda yake iya zama har kwana 90. Daga nan kowane taki sai ya kai rahoto: an buɗe shafi, an duba injin ban ruwa, an saka shi a kwando, an fara biya, an kammala saye a kan naira kaza.

Dillalin yana amfana ta hanya uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko ƙirga ce: nawa ya kashe, nawa ya dawo. Ta biyu bin wanda ya duba bai saya ba, a riƙa nuna masa injin nan duk inda ya leƙa, abin da ke sa mutane su ce wayarsu tana sauraren hirarsu, alhali sawunsu ne kawai ake bi. Ta uku ita ce babba, kuma ita aka fi mantawa da ita. Na'urar da ke raba talla tana koyo ne daga rahoton fiksal. Idan an ce mata ta nemo masu saye, sai ta duba waɗanda fiksal ya ce sun saya, ta nemo masu kama da su, ta karkata kuɗin dillalin wajensu. Saboda haka kuskuren fiksal ba ya tsayawa a kan allon rahoto. Idan ya yi ƙarya, na'urar za ta gaskata shi, ta kashe kuɗin gobe bisa ƙaryar jiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa sa ido a kan fiksal ya zama aiki mai zaman kansa.

Yadda ake duba lafiyarsa

Hanya mafi tabbaci ita ce a ga rahoton da ido yana fita. A kwamfuta, burauzar Chrome ko Firefox tana da sashen masu gina shafi, wanda maɓallin F12 ke buɗewa, kuma a cikinsa akwai jerin duk saƙonnin da shafi yake turawa. Idan aka buɗe shafin dillalin aka nemi layin da ke zuwa facebook.com/tr, za a ga lambar fiksal ɗin, a ga sunan abin da ya faru, kamar ev=PageView idan buɗe shafi ne ko ev=Purchase idan saye ne, a ga adadin kuɗi da irin kuɗin. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya saka Meta Pixel Helper a Chrome, ko ya yi amfani da sashen gwaji na Events Manager, wato allon kula da fiksal na Meta, ko Tag Assistant idan na Google ne. Sai mai duba ya yi abin da mai saye zai yi tun daga farko har ƙarshe, yana kallon ko kowane taki ya fita sau ɗaya, a lokacinsa, da adadin da ya dace.

Kurakuran da ake samu ba su da yawan iri, maimaituwa suke yi. Akwai fiksal da aka saka sau biyu: yaron da ya gina shafin ya liƙa shi da hannu, daga baya wani ya zo ya sake saka shi ta Google Tag Manager, sai kowane saye ya zama biyu. Akwai shafin godiya da ke aika rahoton saye duk lokacin da aka sabunta shi, kuma inda sabis ke tsinkewa mutane sukan sabunta shafi sau uku ko huɗu kafin ya buɗe. Akwai wanda aka ɗora alamar saye a kan maɓallin biya maimakon tabbacin biya, sai duk wanda katinsa ya ƙi wucewa a ƙirga shi cikin masu saye. Akwai kuskuren kuɗi, wanda ya fi kowanne ban dariya da ban haushi: an kwafo umarnin daga wani darasi na Amurka ba a sauya USD zuwa NGN ba, sai injin naira 150,000 ya shiga rahoto a matsayin dala 150,000, allo ya nuna ribar da ko Ɗangote zai tsaya ya sake dubawa. Akwai kuma mutuwar shiru, wato a gyara fasalin shafi a share fiksal ba da sani ba, talla yana ci gaba da cin kuɗi, rahoto kuwa ya tsaya cik. Shi ya sa ake sake gwaji bayan kowane gyara komai ƙanƙantarsa, ake kuma leƙa adadin kullum don a ga ranar da ya faɗi ko ya yi tsalle ba dalili.

Duk wannan gwaji yana nuna cewa fiksal yana aiki ne kawai. Ko yana faɗin gaskiyar kasuwa, wannan sai an ɗora rahotonsa a kan littafin ciniki da bayanan banki an kwatanta, mako-mako. Ba a sa ran su zo daidai. Abin da ake nema shi ne a san girman tazarar, a ga ko tana nan yadda take ko ta sauya.

Inda idonsa ba ya kaiwa

Yawancin abin da aka rubuta kan makantar fiksal an rubuta shi ne don kasuwar Amurka da Turai, inda babbar matsala ita ce Apple. Burauzarsa Safari ta fara takura kukin bibiya a 2017, ta toshe kukin kamfanonin waje gaba ɗaya a 2020. Firefox ma ta mayar da toshe kukin bibiya al'ada a 2019. A Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa kowace manhaja a iPhone ta nemi izini kafin ta bi mutum zuwa wasu manhajoji, mutane da yawa suka ƙi, har shugaban kuɗi na Meta na lokacin, David Wehner, ya ce a Fabrairun 2022 sauyin zai jawo wa kamfanin asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar. A Satumban 2021 kuma manhajar imel ta Apple ta fara ɗauko hotunan saƙo da kanta ko an buɗe ko ba a buɗe ba, abin da ya lalata ƙirgar masu buɗe imel. Amma wayoyin da ke hannun manoma da 'yan kasuwar yammacin Kaduna galibi Tecno ne da Itel da Infinix, duka Android, kuma Google, wanda ya yi alkawari a Janairun 2020 zai kawar da kukin waje daga Chrome, ya yi ta ɗagawa har ya janye a Yulin 2024. Dillalin da ya kashe lokacinsa yana maganin ciwon iPhone ya bar nasa ciwon yana ci.

Nasa ciwon yana farawa ne daga sabis. Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce mai faɗi, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 250,000, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma a cikinta gandun dajin Kamuku yake, mai fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda aka mayar na ƙasa a 1999. A cikin gari ana samun sabis. Da an nausa ƙauyukan bakin daji sai ya koma na neman tudu. Mutum ya ga talla a Facebook, ya danna, shafi ya tsaya yana juyi, ya gaji ya koma. Facebook ya rubuta dannawa ɗaya, fiksal kuwa bai ma sauka ba balle ya yi magana. Allon Meta yana nuna adadin masu dannawa daban da adadin waɗanda shafi ya buɗe musu, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin nauyin shafi a kan sabis ɗin yankin. Idan ta yi yawa, maganinta rage hotuna da rage tarkacen manhajojin da ke kan shafi, ciki har da fiksal ɗin kamfanonin da ba a talla da su.

Sai burauzar kanta. Opera Mini, wadda masu tattalin data suka daɗe da riƙewa a Najeriya, idan tana yanayin matse data sosai ba ita take buɗe shafi ba. Kwamfutocin Opera ne ke buɗewa, su matse, su turo wa wayar abin da ya rage, don haka JavaScript ba ya gudana yadda aka saba, lambar IP da ake gani kuma ta Opera ce. Ko a Chrome ma lambar IP ba shaida ba ce mai ƙarfi a kan wuri, domin kamfanonin waya suna fitar da dubban masu layi ta lamba ɗaya, kuma kundin da ke fassara lamba zuwa gari yakan ce Legas ko Abuja alhali mutumin yana Randagi. Dillalin da ya duba taswirar baƙinsa ya ga babu kowa daga Birnin Gwari bai kamata ya yanke hukunci a kanta ba. Haka nan waya ɗaya takan zama ta gida guda, uba ya duba farashin taki, ɗa ya duba ƙwallo, na'ura ta haɗa su ta yi mutum ɗaya. Mutum ɗaya kuma yakan zama biyu idan ya fara dubawa a cikin manhajar Facebook, ya dawo da daddare ya buɗe a Chrome, tunda kowace burauza da nata kukin.

Ƙarshen shekarar 2021 ya nuna yadda abin da ke wajen shafi yake iya juya rahoto. Ranar 30 ga Satumba aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna, Birnin Gwari na ciki, bisa buƙatar gwamnatin Malam Nasir El-Rufai a yaƙin da take yi da 'yan bindiga, makonni kaɗan bayan an yi haka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina. An haɗa da rufe kasuwannin mako da hana hawa babur. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da layukan. A cikin waɗannan makonni duk wani fiksal ya daina jin ɗuriyar yankin, wanda kuma ya yi tafiya zuwa inda ake da sabis don ya yi waya sai a rubuta shi a mutanen can. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, ga sauyin Apple da bai daɗe da fara aiki ba. Mai nazarin da ya ga adadi ya faɗi a wannan lokaci yana da dalilai uku a gabansa, babu ko ɗaya da allon zai faɗa masa. Masu aikin da kyau suna riƙe ɗan kundi na ranaku, su rubuta ranar da aka gyara shafi, ranar da aka ɗauke sabis, ranar da aka rufe hanya, ranar da farashi ya tashi, domin bayan wata shida ba mai tunawa.

Babban giɓin dai ba na fasaha ba ne, na yadda ake ciniki ne. Fiksal kamar mai yankan tikiti yake a ƙofar kara, irin ta Birnin Gwari da Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a ƙarshen Nuwamban 2024 bayan ta shafe shekaru a rufe: yana da lissafin duk dabbar da ta bi ta ƙofarsa, amma cinikin da aka ƙulla a hanya ko a gida ba ya cikin littafinsa. Manomin da ya ga injin ban ruwa a shafi ba kasafai yake danna maɓallin biya ba. Yakan kwafi lamba ya kira, ko ya tura saƙon murya ta WhatsApp, a yi ciniki, a rage masa wani abu, ya je wurin mai POS ya yi tiransifa ta Moniepoint ko OPay, dillali ya ga alat, a kai kaya tasha a ba direban motar Birnin Gwari. Wani ma ɗan'uwansa da ke Kaduna zai aika ya je shagon ya gani da ido. Ko wanda ya yarda ya biya a shafi, idan ya zaɓi tiransifa sai ya fita daga burauza ya shiga manhajar banki ko ya danna lambobin USSD, kuma da kuɗi sun fita ba ya komawa shafin godiya inda fiksal ke jira. Tallan kansa yana yawo inda ba a ƙirga: a sauke bidiyonsa a ɗora a sitatus, a tura ta Xender a rumfar mai cajin waya.

Illar wannan ta wuce ƙarancin adadi. Na'urar raba talla tana ganin masu biya da kati a cikin shafi ne kawai, kuma waɗannan galibi mutanen birni ne. Sai ta kammala cewa su ne kasuwar dillalin, ta janye tallan daga ƙauyukan da ainihin cinikin yake fitowa, allo kuma ya nuna an samu ci gaba.

Akwai hanyoyin rage giɓin. Ana iya ɗora alama a kan maɓallin kira da na WhatsApp, a ce wa na'ura su za ta nema. Ana iya yin tallan da ke kai mutum cikin WhatsApp kai tsaye ba tare da shafi ba. Ana iya ba kowane talla lambar wayarsa, ko a liƙa alamomin UTM a adireshin da ake rabawa don a bambance wanda ya zo daga sitatus da wanda ya zo daga Facebook. Meta yana da hanyar da ake kira Conversions API, wadda kwamfutar mai shafi ke aika rahoto da kanta ba ta burauzar mai saye ba, har da cinikin da aka yi a shago. Sai dai idan ana amfani da ita tare da fiksal dole a ba kowane ciniki lambar shaida ɗaya a hanyoyin biyu, in ba haka ba an koma ƙirga biyu. Mafi arha kuma shi ne yaron shago ya tambayi kowane mai saye inda ya ji labari, ya rubuta.

Wa ya kawo cinikin?

Ko fiksal ya ga saye, bai ga dalilinsa ba. A tsarin da Meta ya saba bayarwa, idan mutum ya saya cikin kwana 7 da danna talla, ko cikin kwana 1 da ganinsa kawai, to tallan ne ake rubuta wa cinikin. Google yana da nasa ma'aunin. Manomi ɗaya da ya ga talla a Facebook, ya nemi sunan shagon a Google, ya saya, kowane kamfani zai ce shi ya kawo shi, kuma idan aka tara rahotannin biyu sai su zarce abin da ke cikin aljihu. Ya kamata a riƙa tuna cewa mai sayar da tallan shi ne mai ƙirga amfaninsa. A Satumban 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon bidiyo, daga baya ya biya dala miliyan 40 aka sasanta ƙarar da masu talla suka shigar.

Hanyar gane gaskiya ita ce a dakatar da talla a gani. Kamfanin eBay ya gwada haka a 2012, ya daina biyan tallan da ke fitowa idan an nemi sunansa, sai aka ga kusan duk mutanen sun ci gaba da shigowa ta hanyar kyauta. Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis suka wallafa sakamakon a mujallar Econometrica a 2015. Ƙaramin dillali ma yana iya yin irinsa: ya kashe talla mako biyu, ko ya kashe a yanki ɗaya ya bari a wani, ya duba littafin ciniki. Sai dai ya kula da lokaci, domin taki yana tafiya da kansa idan damina ta kama, kuma tallan da aka kunna a watan Yuni zai karɓi yabon ruwan sama.

Abin da yake fitarwa

Ɗaya rabin sa idon shi ne a san me fiksal yake kwashewa. A Yunin 2022 jaridar The Markup ta Amurka ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na ƙasar, ta samu Meta Pixel a 33 daga cikinsu yana tura bayani idan mutum ya danna neman ganin likita. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci tarar kamfanin GoodRx dala miliyan 1.5, ta kuma sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8, duka saboda miƙa bayanan lafiya ga kamfanonin talla. Sau da yawa mai shafi bai ma san abin yana fita ba. Fiksal yana tura adireshin shafi gaba ɗaya, kuma idan an gina fom yadda suna ko lambar waya ke shiga cikin adireshi, sun tafi. Akwai kuma wani zaɓi a Events Manager da idan an kunna shi fiksal yake ɗaukar imel da lambar waya daga fom da kansa.

Kamfanonin sukan ce ana cure waɗannan bayanai da lissafin SHA-256 kafin a tura, su zama jerin haruffa marasa ma'ana. Gaskiya ne ana curewa, amma manufar turawar ita ce a gane mutum: Meta yana cure lambobin da ke hannunsa ta hanya ɗaya, ya kwatanta. Lambar wayar Najeriya kuma lambobi 11 ce masu sanannen farko, kwamfuta tana iya cure dukkan waɗanda za su yiwu ta yi jadawali. Tun Disambar 2020 da aka tilasta haɗa layi da lambar NIN, lambar waya ta zama kusan sunan mutum.

A yanki irin Birnin Gwari, wanda ya sha fama da satar mutane da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan magana tana da wani nauyi daban. Fiksal ba daji yake kai bayani ba, kamfani yake kai wa. Amma jerin waɗanda suka sayi injin ban ruwa, da ƙauyukansu da lambobinsu, jerin masu abin hannu ne, kuma sakacin da ke barin fiksal shida da ba a san mai su ba a kan shafi, shi ne ke barin tsohon mai gyaran shafi da mabuɗin asusu, ke kuma yawo da jerin masu saye a WhatsApp. Don haka binciken wata-wata yana haɗawa da jera duk kamfanonin da shafi ke aika wa saƙo, a cire wanda ba a buƙata, a duba su wa ke da izinin shiga asusun talla, a daina tambayar abin da ciniki ba ya buƙata.

Doka ma tana da magana. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tattarawa da dalili, ta ba shi damar janye izini da ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, ta kuma tsaurara kan bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe bayanai, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake mu'amala da bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025. Wannan shari'a ba a kan fiksal aka yi ta ba, kuma ba ta ɗauke wa mai shafi nasa alhakin ba, tunda shi ya saka fiksal da hannunsa. Idan shafi yana da akwatin neman izini, gwajinsa ɗaya ne: a danna ƙi, a duba jerin saƙonni, a ga ko rahoto ya fita duk da haka. A shafuka da yawa yana fita tun kafin akwatin ya bayyana. Sanarwar da aka rubuta da Turancin lauyoyi ga mai karatu da Hausa kuma da wuya a kira amsarta yarda.

Shi ma mai waya yana da abin yi. Tun Janairun 2020 Facebook ya buɗe wa kowa sashen da ke nuna shafuka da manhajojin da suka aika masa rahoto game da mutum, yana cikin saitin asusu, kuma ana iya raba wannan tarihi da asusun, a kuma hana haɗa na gaba. Firefox da Brave suna toshe kayan bibiya da yawa ba sai an saita su ba, wanda kuma hakan kan rage cin data. A Gmail ana iya zaɓar kada hotunan saƙo su buɗe sai an ba da izini, kuma muddin hoton bai sauka ba, mai aikowa ba zai san an karanta ba.